Ranar Tarbar Ruwa a Rafin Ɓaure

A taƙaice, kamar yadda aka gabatar wa hukuma: a ƙarshen ranin bara, a rafin Ɓaure, wanda ya taso daga duwatsun wajen Maska ya gangara yankin Malumfashi, datsin ruwa guda uku sun ɓalle a jere, sakamakon ruwan sama da ya sauka a wani wuri dabam. Ba a rasa rai ba. An yi asarar kayan noma, mutum ɗaya kuma ya samu rauni. Kwamitin haɗin gwiwa ya zauna, ya nuna takaici, ya yaba wa jama'a bisa haɗin kan da suka nuna. Iyakar abin da ya kai kunnen manya ke nan, kuma babu ƙarya a cikinsa. An dai tsame tsoron ne kafin a miƙa, alhali shi ne naman miyar.

Rafin Ɓaure ba shi da girman da za a kira shi kogi. Da damina yakan cika ya yi kurari, da rani ya koma kamar zare, wani idon ruwa a gindin duwatsu ne ke riƙe da ransa. A sama akwai mutanen Tudun Ɓaure, Musulmi, masu noman rani. A ƙasa akwai Gidan Ranau, Maguzawa, masu bin addinin kakanni, kuma su ke kula da wani gurbi mai zurfi da ake kira Gurbin Kaka. Tsakanin ƙauyukan biyu rafin yakan matse ya bi ta wani wuri da ake ce wa Maƙogwaro, inda gaɓa ta miƙe tsaye ta fi tsawon mutum biyu, hanyar sauka kuwa ɗaya ce tak, ta gindin wani tsohon ɓaure.

A Gurbin Kaka kifi ke ɓuya ya ci rani. Idan ruwan farko ya zo, ragon ruwa da tarwaɗa sukan hau sama su zuba ƙwai a ciyawar gaɓa, kowa ya samu na miya har shekara ta zagayo. Haka ake yi har injinan ban-ruwa suka yi araha. Daga nan kowane manomi ya jera buhunan yashi ya tare rabonsa da na maƙwabcinsa, gurbin ya riƙa ja da baya, ragon ruwa ya zama abin da tsofaffi ke kwatantawa da hannu.

Wata ƙungiya mai kula da ruwa da kifi ta turo ma'aikaciyarta, Malama Rashida, ta yi ta zirga-zirga a kan acaɓa har ta tara ɓangarorin biyu a ƙofar gidan Mai unguwa Mahadi. Aka yarda da sharuɗɗa uku. Datsi ya zama na yashi zalla. Kada tsayinsa ya wuce cinyar mutum. A bar ƙofa a tsakiyarsa, ruwa ya wuce, kifi ma ya wuce. Sharaɗin yashi shi ne babba, domin yashi kayan ruwa ne: in ruwan farko ya taso sai ya riƙa zare buhunan ɗaya bayan ɗaya, ya isa ƙasa da sallama, iyakarsa idon sawu.

Aka naɗa masu datsi uku mafi girma su zama masu sa ido: Haladu, wanda nasa ne na can sama, sai Sama'ila a tsakiya, sai Isyaku a ƙasa. Wannan tsari an yabe shi ƙwarai a lokacin.

Da aka zo ɗaure magana, Musulmi suka shafa Fatiha. Maguzawa kuwa suka fito da nasu. Tsohuwa, wadda ke riƙe da al'amarin gurbi tun kafin a haifi rabin mutanen wurin, ta ɗebo ruwan Gurbin Kaka a wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki, ta ce, "Wanda ya tare ruwa, ruwa ya tare shi." Mazan Gidan Ranau suka sha, suka miƙa, ƙwarya ta zagaya har ta dawo hannunta. Sai idonta ya faɗa kan Haladu.

Ita ce ta yanke masa cibiya, ƙawar kakarsa ce, kuma tun yana rarrafe take kiransa angonta.

"Angona," ta ce, "leɓenka ya bushe. Ko ruwan gidanmu ya fi ƙarfinka?"

"Haba Kaka, ai mun yi tamu."

"Na ji kun yi. Ni ruwa na ba ka, ba addini ba. Amarya ta miƙo maka ƙwarya a gaban mutane ka ƙi karɓa? To sake ni in san inda dare ya yi mini."

Aka fashe da dariya. Haladu ya dubi liman, liman ya dubi takalminsa. Mayar da hannun tsohuwa a bainar jama'a ba abu ne da aka koya masa ba, ga shi kuma da gaske ƙishi yake ji. Ya karɓa ya kurɓa. Ruwan na da sanyi da ɗanɗanon laka. Ya miƙa mata ƙwaryarta, ya ce amarcin nan ya yi tsada, aka sake dariya, taro ya watse.

Watanni biyu na farko al'amari ya tafi daidai. Sai bazara ta shigo da wani irin zafi. Haladu ya makara wajen dashe, saboda haka lokacin da tumatirinsa ya fara fure shi ne lokacin da ruwan datsinsa ya koma iya gwiwa. Kullum da hantsi sai ya ga ganye ya lanƙwashe, fure na zuba ƙasa, ga kuma ruwa na sulalewa ta ƙofar nan a gaban idonsa, zuwa wurin kifin da bai taɓa ce masa sannu ba.

Ya je Malumfashi ya sayo siminti, ya ce wa matarsa Hansai zai gyara daɓen ɗaki. Da tsakar rana, lokacin da ko kare ba ya barin inuwa, ya cakuɗa simintin da yashi, ya ɗura a buhunan taki irin waɗanda kowa ke amfani da su, ya jera a ruwa. Suka sha, suka daskare. Mai kallo daga nesa ba zai ga komai ba sai buhunan yashi. Ya ɗaga datsin har ƙirji, ya toshe ƙofar da gutsuren kwanon rufi. Raken da ya shuka a gaɓa ya rufa masa asiri. Ba da jimawa ba ruwa ya taru a bayan datsin kamar tafki, tumatir ya miƙe ya yi shar.

Abin da ya rage shi ne zagayen kwamitin sa ido. Haladu ya shirya uzurori iri-iri, amma bai buƙaci ko ɗaya ba. Duk ranar da aka sa, ko Sama'ila ya ce ciwon baya, ko Isyaku ya ce suna a gidan surukai. Haladu ya gode wa Allah da ya haɗa shi da abokan aiki marasa himma.

Tsoro kuwa bai jira an gayyace shi ba. Ranar da ya gama aikin, ya ɗaga moɗa zai sha ruwa, sai ya ƙware har hawaye suka zubo. Hansai ta buga masa baya tana cewa wani na ambatonsa. Shi ya san wa ke ambatonsa. Ya gaya wa kansa rantsuwar Maguzawa ba ta kama Musulmi, maganar ta kwanta masa, sai ya tuna ai Fatiha ma ya shafa, da hannunsa biyu. Ta kowace fuska ya juya, akwai mai jiransa. Ya daina wanka a rafi. In zai duba bakin tiyon injinsa, sai ya tsaya a gaɓa ya jawo shi da sanda. Ya koma mai duban sama, safe da yamma, kamar wanda aka ba aikin.

Ranar kasuwa ya hango Tsohuwa zaune gaban tallar daddawarta, ya yi niyyar ratsewa, ta riga ta gan shi.

"Angona, ka rame."

"Zafi ne, Kaka."

"Zafi ne. Ga shi ya shanye mana rafi tas. Ka san abin mamaki? Idon ruwan duwatsu bai ƙafe ba, jikana ya je ya gani. Ruwa na fitowa, amma ba ya isowa. Wataƙila a hanya yake tsayawa gaisuwa."

"Yashi ne ke shanye shi," in ji Haladu.

"To, yashin bana akwai ƙishi." Ta ɗauki daddawa ƙulli biyu ta tura masa. "Kai wa 'yar nan Hansai. Yarinyar kirki, ta fi ka hankali."

Domin a lokacin Hansai ta shiga aikin ceton kifi. Da ruwa ya janye, kifaye sun maƙale a 'yan kududdufan da ke cikin Maƙogwaro, suna mutuwa a rana. Matan ƙauyukan biyu suka haɗu, kullum da la'asar su sauka da robobi da kwanoni, su kwashe masu rai su kai Gurbin Kaka. Malama Rashida ta zo ta ɗauki hotonsu. Hansai kan dawo gida da ƙarnin kifi a zane, ta zauna ta ba shi labari yana cin tuwo.

"Malam, da ka ga yadda suke buɗe baki. Wani ragon ruwa na ɗauka yau, wallahi kamar jariri, yana ta kallona. Na ce Allah ya isar muku a kan duk wanda ya jawo."

Haladu ya mayar da lomar cikin kwano.

"Zafi ne ya jawo," ya ce.

"Ai shi na ce Allah ya isa. Af, ban gaya maka ba. Iya Tsohuwa ta ce bana ni zan riƙe mata hannu ranar tarbar ruwa, gwiwoyinta sun ƙi."

Tarbar ruwa al'adar Gidan Ranau ce. Duk ranar da aka ji ruwan farko ya taso, mata sukan sauka tsakiyar Maƙogwaro su tsaya a kan yashi, Tsohuwa a gaba da ƙwaryarta. In bakin ruwan ya iso yana tura kumfa da karmami, sai ta tare shi ta ɗebi na farko, a raka ta da guɗa ta zuba a gurbi, wai a tashi kifi daga barci. Matan Tudun Ɓaure sun daɗe suna zuwa kallo. Liman ya taɓa yin wa'azi a kai, suka saurara da ladabi, suka ci gaba da zuwa.

Sai a lokacin Haladu ya ga abin da ya gina. Datsin yashi narkewa yake yi a hankali. Nasa ba zai narke ba. Zai tsaya ya tara ruwan sama a kan tafkin da ke bayansa, ya yi ta tarawa, har gaɓa ta gaza, sannan ya saki duka a lokaci guda. Kuma babu inda ruwan zai bi sai Maƙogwaro.

"Ba za ki je ba," ya ce.

Hansai ta ajiye ludayi. "Saboda me, Malam? Bara na je, bara waccan na je, kai ka kai ni a babur."

"Na dai ce."

"To ka je ka faɗa wa Iya da bakinka. Ni ba zan iya kallon idonta in ce maigidana ya hana ni riƙe hannun wadda ta yanke masa cibiya ba."

Dalili ɗaya gare shi, shi ne kuma wanda ba ya faɗuwa.

Washegari ya ɗauki diga ya nufi datsin, ya tsaya a kansa yana karanta duk addu'ar da ya sani, ya kai sara. Digar ta yi tsalle ta dawo, hannunsa ya ɗauki zafi har kafaɗa. Ya yi ta sara har tafinsa ya yi ƙulli, abin da ya ɓantaro bai cika kwano ba. A rayuwarsa bai taɓa yin aiki mai inganci kamar wannan ba. Ya so ya zare kwanon da ya toshe ƙofar, nauyin ruwa ya danne shi, sai an shiga ruwan har ƙirji, shi kuwa ba zai shiga ba. Ya dubi sama, tas take, babu ko ɗigon gajimare. Ya ce damina da saura. Zai tsinke tumatir, ya janye ruwan da inji, ya nemo guduma. Akwai lokaci.

Wannan lissafi ya yi kwanaki yana riƙe da shi, har wata rana bayan azahar. Rana na dukan ƙasa, Haladu na tsakiyar gona, wayarsa ta yi ƙara. Zubair ne, ƙanen Hansai, wanda ke zaune wajen Maska.

"Yaya Haladu, albishirinka! Ruwa ya sauka a nan kamar da bakin ƙwarya, tun hantsi ake yi. Duwatsu duk sun yi fari da ruwa. Ga shi nan tafe wajenku."

"Tun yaushe ka ce?"

"Tun hantsi. Na kira Yaya Hansai da farko, ta ce za ta gaya wa matan Gidan Ranau. Lafiya na ji ka haka?"

Haladu ya katse wayar. Ya ratsa raken a guje ya tsaya a gaɓa. Ruwan tafkinsa, wanda da safe kore ne, ya koma ja. Kumfa da karan dawa suna juyawa a kansa. Yana kallo ruwan ya hau buhu ɗaya ya shafe shi, ya kama na sama. A gefen hagu, inda datsin ya haɗu da gaɓa, ƙasa na zubowa gutsure-gutsure.

Ya kira wayar Hansai. Ta yi ta ƙara babu mai ɗauka. Ba ta zuwa rafi da ita, tun da wata ta faɗa mata a ruwa. Ya bar injinsa yana aiki, ya haye babur.

Hanyar gaɓa ba hanyar gudu ba ce, amma ya gudu. Ƙaya ta yage masa riga, takalmi ɗaya ya fita bai waiwaya ba. Abin da yake gani a gabansa kawai shi ne Hansai tsaye a kan yashi da jan kallabinta, da gaɓa biyu a miƙe, da hanya ɗaya. Ya roƙi Allah ya ɗauki tumatirin, ya ɗauki injin, ya ɗauke shi shi kansa in ya so. Ya ce ai shi ya sha ruwan ƙwaryar, ita ba ta sha ba.

Tun kafin ya iso ya jiyo waƙa. Ya jefar da babur a gindin ɓauren ya leƙa. Maƙogwaro cike yake da mata, sun fi na kowace shekara, saboda aikin ceton kifi ya sa kowa na jin da ita aka yi. Can gaba, nesa da hanyar hawa, Tsohuwa na tsaye da ƙwaryarta, Hansai na riƙe da gwiwar hannunta.

"Ruwa na zuwa!" ya ƙwala. "Ruwa na zuwa!"

Aka amsa masa da guɗa. Wasu 'yan mata da ke bakin gaɓa suka ruga suka sauka don kada a yi babu su.

"Mun sani, angona!" Tsohuwa ta ɗaga murya. "Shi muke jira! Sauko ka riƙe mini ɗaya hannun!"

Sai ya ji ƙarar babur a bayansa, sannan wani. Sama'ila ne, babu hula, fuskarsa kamar toka. Bayansa Isyaku, da tiyon ban-ruwa naɗe a bayan babur, ko tsayawa kwance shi bai yi ba. Mutum uku suka tsaya suna haki, kowa na kallon ɗan'uwansa. Mambobin kwamitin sa ido ba su taɓa haɗuwa a bakin rafi ba sai ranar.

"Kai me ya kawo ka?" in ji Haladu.

Sama'ila ya nuna wajen datsinsa. "Turaku na kafa. Da jan ƙasa. Ya kai wuya."

"Ni duwatsu," in ji Isyaku, "da ragar waya."

"Innalillahi," in ji Haladu. "Nawa siminti ne."

Babu wanda ya zargi wani, babu lokacin. Tafki uku ne a jere, na sama zai faɗo kan na tsakiya, su biyu su faɗo kan na ƙasa. Haladu ya juya, ya sa hannu biyu a baki, ya faɗi abin da ya yi wata da watanni yana haɗiyewa, da iyakar muryar da Allah ya ba shi.

"Ku fito! Ba ruwan yashi ba ne! Siminti na sa! Na toshe ƙofa! Mu uku duk mun tare, tafki uku ne ke tafe! Ku fito don girman Allah!"

Waƙa ta mutu daga baya zuwa gaba. Mata suka ɗaga kai suna kallon mazan nan uku. Matar Sama'ila ce ta fara fahimta, domin ta san fuskar mijinta. Ta yar da roba ta yi kan hanya, sauran suka biyo ta. Sama'ila da Isyaku suka kwanta a bakin gaɓa suna fizgo hannuwa. Haladu ya rasa ta inda zai sauka, ya kama saiwar ɓaure ya zame ta gefe, ya faɗi a yashi, ya tashi ya keta cikin masu gudu.

Tsohuwa ba ta motsa ba. Hansai na jan ta tana kuka, amma ba ta sake ta ba.

"Hansai, tafi!"

"Ba zan bar ta ba, Malam!"

"Kaka, don Allah!"

Tsohuwa ta dube shi sama da ƙasa. "Tun ina budurwa ban taɓa ba ruwan farko baya ba. Sai yau, don kai ka yi sata?"

"Na yi, Kaka, na yi. Ki zage ni a sama."

A nan suka ji shi. Ba ƙarar ruwa ba ce irin wadda suka sani. Wani gurnani ne daga ƙasa, kamar manyan motoci a jere a kan gada, yashin da ke ƙarƙashin ƙafarsu ya ɗauki rawa. Wata iska mai sanyi da warin laka ta bugo su a fuska. Tsuntsaye suka tashi daga gaɓa gaba ɗaya.

Haladu bai ƙara neman izini ba. Ya sunkuya ya saɓa tsohuwar a kafaɗa kamar buhun gero, ya damƙi wuyan hannun Hansai, ya ruga. Tsohuwa na dukan bayansa da ƙwarya tana kiran sunan kakarsa. Yashi na riƙe masa ƙafa. Ya ga hanyar hawa, ya ga saura mata biyu a kanta, ya ga hannuwan maza a miƙe. Bai waiwaya ba, amma ya ga fuskokin waɗanda ke sama, su suna kallon abin da ke bayansa, wannan ya ishe shi.

Ya tura Hansai gaba. Ta kama saiwa, ta zame, ya sa kafaɗa ya tokare ta, Isyaku ya cafki hannunta ya fizge. Ya ga jan kallabin ya haye gaɓa. Ya ɗaga Tsohuwa sama da hannu biyu, Sama'ila ya karɓe ta. Ƙwaryar ta suɓuce ta faɗi.

Sannan ruwa ya tare shi.

Bai zo a idon sawu ba. Bango ne ja, ɗauke da rake da turaku da ragar waya. Ya maka shi da gaɓa, ya cika masa baki da hanci, kuma ɗanɗanon shi ne dai na ranar taro, sanyi da laka. Hannunsa ya sami saiwar ɓaure ya rungume. Wani abu mai nauyi ya daki ƙaurinsa, ya ji ƙashi ya amsa. Daga baya aka tabbatar ɗaya daga cikin buhunansa ne, domin babu wanda ke da irinsu. Ya ɗago kai ya ji Hansai na kiran sunansa, sunansa na yanka, wanda ba ta taɓa faɗa ba tun da aka ɗaura musu aure. Sai tiyon Isyaku ya faɗo a gabansa. Ya naɗa a hannu. Mata da maza, na Tudu da na Gidan Ranau, suka ja tare. Wannan shi ne haɗin kan da kwamiti ya yaba.

Maɗori ya ɗaure ƙafar. Haladu ya yi damina a kan tabarma, Hansai na kawo masa abinci a kan lokaci, ba ta rage masa komai ba sai magana. Da ta dawo yi masa magana, farkon abin da ta tambaya shi ne yaushe za a gyara daɓen ɗakin.

Tsohuwa ta zo dubiya, ta zauna ta daɗe tana kallon ƙafar.

"Ruwan ya yi maka ragi," ta ce. "Duk jikin ya zo ɗauka, ya ga matarka ya ji kunya."

"Kaka, ki yafe mini."

"Ni me ka yi mini? Ka ɗauke ni a kafaɗa gaban jama'a, abin da nake jira tun kana rarrafe. Ƙwaryata dai ta kakata ce, ba ka da irinta." Ta miƙe da ƙyar. "Kifi ya hau, in kana son ji. Ruwan ya share rafin tas, babu datsin kowa. An ga ragon ruwa har gindin duwatsu. Abin da taro ya kasa, haɗamarku ta yi."

Bana an sake zama. Sharuɗɗan su ne dai na da, sai dai masu sa ido yanzu mata ne, kuma suna zagaye da tsinken ƙarfe suna soka kowane buhu.

Abin da al'amarin ya ci: injin ban-ruwa uku, gonar tumatir ɗaya, ta albasa biyu, rake, duka, awaki huɗu na wani mutum da bai san hawa ba bai san sauka ba, robobi da kwanoni, ba a tantance ba, takalmi, wari ɗaya, ƙwarya ɗaya mai ɗinki, kujerun kwamiti uku, ƙafar dama ɗaya, wadda ta warke amma ta fi ta hagu gajarta, kuma takan yi ciwo duk lokacin da hadari ya haɗo.